Filin Shawara: Ƙaramar Motarmu Ta Hana Mu Zaman Lafiya

Gwaggo, ni matar aure ce a yankin Ollelewa, 'ya'yanmu uku, maigidana malamin makaranta ne. Bara ya haɗa abin da ya daɗe yana tarawa ya sayo Starlet ta hannu a Damagaram, irin ƙaramar nan mai ƙofa a baya. Murnata ba ta je ko'ina ba. Facalata, wadda mijinta ke da babbar mota, ta ce wai akwatin ashana muka sayo. 'Yan uwan maigidana kuma kullum suna ƙofar gida, wannan a kai masa gero kasuwar Bakin Birji, wancan a kai masa 'yan biki Tanut. Har kuɗin cefane ya fara tafiya wurin bakanike. Na ce ya sayar, ya ci bashi ya sayo babba, ya ƙi. Yau sati biyu ba ma magana sai gaisuwa. Ya zan yi?

'Yarki daga Ollelewa

'Yata, bari in ja miki kunne kafin in lallashe ki. Bawan Allah nan ya yi shekaru yana matse bakin aljihunsa daga albashin malanta, don ke da yaranki ku daina tsayuwa cikin rana a bakin kwalta kuna jiran motar haya. Tukuicin da ya samu shi ne gaba ta sati biyu, saboda maganar facala? Haba 'yata! Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ranar da zazzaɓi ya rufe autanki da tsakar dare, wannan da ake yi wa dariya ita za ta kai ku asibiti.

Na san maganar ta yi miki zafi. Dukanmu mun taɓa zama a taron biki aka yada mana magana, muka yi murmushi, muka dawo gida zuciya na tafasa. Amma ba a cin bashi don rufe bakin mutane, domin bakin ba ya rufuwa. Wanda ya hau motar kwaɗayi, a tashar wulaƙanci zai sauka.

Zo mu yi lissafi. Matatar mai ta SORAZ tana nan kusa da ku tun 2011, amma maƙwabtaka ba ta sa a ba ku mai kyauta. A 2024 gwamnati ta mayar da litar fetur sefa 499. Daga Damagaram zuwa Tanut kusan kilomita 140 ne. Ƙaramar mota mai lafiya tana shan lita 6 zuwa 7 a kilomita 100, wato kusan jaka 5 ta kai ku. Babbar da kike hange tana iya shan ninkin haka, tayarta ta fi tsada, kayan gyaranta ma haka, ga bashi yana jira ƙarshen wata. A nan mijinki ya fi ki gaskiya.

Inda kike da gaskiya shi ne kuɗin cefane, kuma a nan shi ma sai na ja masa kunne. Starlet ɗin da muka saba gani a titunanmu an daina ƙera ta tun 1999, kin ga tsohuwa ce, lallaɓa ta ake yi. Mutum biyar aka yi ta ta ɗauka, har da direba, kuma duk nauyin da take iyawa, mutane da kaya, bai wuce kilo 400 da 'yan kai ba. Manya huɗu da buhun gero biyu masu kilo 100 sun riga sun wuce ƙima. Ga ta kusa da ƙasa, tayoyin gaba kawai ke ja. In aka loda ta aka bar kwalta aka shiga rairayin Damargu, sai ta kafe, a yi ta ba ta wuta har kuloci ya ƙone. Kunyar 'yan uwa ce ke kai kuɗinku wurin bakanike.

To ga abin yi. Yau ɗin nan ki sauke fushin, ki dafa abin da ya fi so, ki gode masa da bakinki a kan motar. Bayan ya huce ku zauna ku kafa mata doka. Mara lafiya da mai naƙuda, ko ƙarfe nawa ne, a kai su, wannan haƙƙin zumunci ne. Gero da tumaki su bi amalanke ko motar kasuwa. Makulli ba ya zuwa hannun wanda ba shi da lasin. Shi zai faɗa wa danginsa, da taushin murya. Kada ki sa baki, in ba haka ba ke za a ce kin raba shi da su.

Ku ware wa motar 'yan kuɗinta duk wata, daban da na tukunya. A canja baƙin mai duk kilomita 5,000. Lokacin hunturu a yawaita kaɗe matatar iska, ƙura ce ke shaƙe inji. Da bazara a duba ruwan lagireto da safe kafin a tashe ta. Man kwalba na bakin hanya, sai dole ta kama.

Yanzu gare ku, iyayen yara masu karanta wannan fili. Ina ganin ana buɗe ƙofar bayan nan a jera yara a wurin kaya ranar biki, kuma gabana faɗuwa yake yi. Wurin nan shi ke fara lotsewa in wata mota ta daki taku ta baya. Haka jariri a cinyar uwa a kujerar gaba: birki ɗaya mai ƙarfi, hannu ba ya iya riƙe shi. Yara su zauna a kujerar baya, a ɗaura bel. In mutane sun fi kujeru yawa, a yi sawu biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Ke kuma 'yata, in facala ta sake magana, ki ce mata Alhamdulillahi, ki wuce. Je ki shirya da mijinki kafin rana ta faɗi. Allah Ya tsare muku hanya, Ya ba ku zaman lafiya.

Gwaggonki