Faifan Gadon Baya Na Roba: Me Ya Kamata Mu Sani?

'Yan'uwa mata, tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai faifai mai laushi, shi ke ɗaukar nauyi wajen daka, goyo da ruku'u. In ya lalace, likitoci kan musanya shi da na ƙarfe da roba. Samfurin Charité, da Amurka ta amince da shi a 2004, tsakiyarsa na zamewa. Ta ProDisc kuwa a kafe take. Wannan bambanci kan sauya lanƙwasar ƙugu da nauyin da ke sauka kan ƙananan gaɓoɓin baya. Shi ya sa ba a yi wa mai ciwon gaɓoɓin wannan aiki.

In ciwon ƙugu ya zo da mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, kar a zauna Illela ana tausa, a garzaya asibitin koyarwa na Sakkwato. Allah Ya ƙara mana lafiya.