Hayaƙi Itace Ne Da Bai Ƙone Ba: Yadda Ingantaccen Murhu Ke Aiki

Duk wanda ya ratsa unguwannin kudancin Kogin Kaduna da asubahin hunturu, tun daga Kakuri da Makera har zuwa Sabon Tasha, zai tarar hayaƙi ya yi wa gidaje rumfa. Masu ƙosai sun hura wuta, iyaye mata sun ɗora ruwan wankan 'yan makaranta. Mutane da dama sun ɗauka cewa wuta ba ta rabuwa da hayaƙi. Amma binciken kimiyya ya nuna cewa hayaƙin nan makamashi ne da ya tsere bai ƙone ba, wato kuɗin itace ne ke bin iska.

Yadda Itace Ke Cin Wuta

Ƙonewar itace mataki uku ce. Da farko zafi yana korar ruwan da ke cikinsa ya fita a matsayin tururi. Ɗanyen itace kan ƙunshi ruwan da ya kai rabin nauyinsa, shi ya sa yake tsuwa yana kumfa maimakon ya ci. Na biyu, idan zafin ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Salshiyos, sai jikin itacen ya riƙa wargajewa yana fitar da iskar gas da ɗigon kwalta. Wannan gas shi ne ke ci ya zama harshen wuta. Na uku, abin da ya rage shi ne gawayi, wanda ke ci a hankali ya zama garwashi, daga nan sai toka.

A mataki na biyu ake yin asara. Gas ba ya ƙonewa sarai sai ya sami isasshen zafi da iskar oksijin, kuma su gauraya sosai. In ɗaya ya gaza, sai ya fice a matsayin hayaƙi da kunkunniya.

Inda Murhun Gargajiya Ya Gaza

Murhu mai duwatsu uku a buɗe yake ta kowane gefe. Iska mai sanyi na kaɗa wutar, harshenta kuma yana taɓa gindin tukunya tun gas bai gama ci ba, sai ya huce ya bar baƙi. Saboda haka abin da ke shiga abinci daga zafin itacen ba ya cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari.

Dabarun Ingantaccen Murhu

Dabara ta farko ita ce killace wuta a ɗan ƙaramin ɗaki mai bangon da ba ya sakin zafi. Ta biyu, a buɗe wa iska hanya biyu: ɗaya ta ƙarƙashin itace don ta hura garwashi, ɗaya kuma ta sama don iska mai ɗumi ta tarye gas ɗin da ya taso ta ƙone shi. Ta uku, a tilasta wa zafin ya bi siririyar hanya yana gogar gindin tukunya da cikinta kafin ya fita.

A ƙasashe masu sanyi irin su Jamus da Amurka, da waɗannan dabaru ake ƙera murhun ɗumama ɗaki. Akwati ne na ƙarfe mai ƙofa, da faranti a ciki mai tsare hayaƙi har ya ƙone, da bututun da ke fitar da saura waje. Mai kyau daga cikinsu yana ba ɗaki fiye da kashi 70 cikin ɗari na zafin itacen.

A ƙasar Hausa ma ba a zauna ba. Tun a shekarun 1980 aka yaɗa murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi a Jamhuriyar Nijar. A Kaduna kuwa, ƙungiyar DARE ta haɗa gwiwa da atmosfair ta Jamus wajen yaɗa murhun Save80, kuma a 2009 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi wa shirin rajista cikin tsarinta na rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. An ƙera shi da ƙarfe mara tsatsa, tukunya na nutsewa a cikinsa, kuma 'yan ƙirare yake ci. Sunansa na nuni da tsimin kashi 80 cikin ɗari na itace.

Gargaɗi Game Da Hunturu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. Mafi saurin kisa a cikinta ita ce iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar oksijin. Garwashi yana fitar da ita ko da ba a ga hayaƙi ba. Don haka shigar da kaskon wuta ɗaki a rufe taga a kwanta, sayen ajali ne da kuɗi. Ingantaccen murhun girki ma, muddin ba shi da bututu, ba na ɗakin kwana ba ne. Ciwon kai da jiri alamun farko ne. A fita da mutum sarari nan take, a garzaya asibiti.

Aikin Gwaji

1. A gaban malami, a kunna kyandir ya ci na minti ɗaya, a hure shi, a kai ashana mai ci cikin farin hayaƙin kusa da lagwani. Me ya sa wutar ta koma kan kyandir?

2. A auna itace kilo biyu sau biyu. A tafasa ruwa lita biyu a buɗaɗɗen murhu, sannan a sake a murhun da aka kewaye da laka. A auna ragowar itacen, a kwatanta.