Suga da Sukari: Bin Sawun Kalmar Aro

Ɗalibin da ke nazarin kalmomin aro yakan rubuta cewa "suga" daga Ingilishi take, "sukari" kuwa daga Larabci, ya tsaya nan. Alhali in an bi sawu, tushensu ɗaya.

Wajen ƙarni na 13 Ingilishi ya aro "sugar" daga "sucre" ta tsohon Faransanci, wadda asalinta "sukkar" ce ta Larabci. Larabawa kuwa "shakar" suka karɓo daga Farisawa, su kuma daga Indiya, inda "sharkara" ke nufin tsakuwa a harshen Sanskrit.

Hausa ta karɓi kalmar sau biyu. Da fari daga Larabci, a zamanin da ayarin hamada ke sauka Fagge. Da yake kalmar Hausa takan ƙare da wasali, aka ƙara mata -i. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari, ta sake shigowa ta bakin akawu da 'yan kanti. Mutanen Ingila ba sa furta "r" ɗin ƙarshe, don haka kunnen Bahaushe bai ji ta ba, sai ya ce "suga".