Kwamishinan 'Yan Sanda da Majalisar Dokokin Jiha

Wani mai sauraronmu daga Gusau yana tambaya: shin shugabannin 'yan sanda suna da ta cewa a dokokin da majalisar jiha ke yi?

To malam, suna da ita, amma ba su da ƙuri'a. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi rundunar 'yan sanda guda ɗaya ta tarayya, don haka majalisar jiha ba ta da hurumin yi mata doka. Sai dai dokokin da majalisar ke zartarwa, na hana acaba ne ko na sara-suka, 'yan sandan ne ke fita titi su aiwatar.

Babbar ƙofarsu ita ce zaman sauraron ra'ayin jama'a, bayan karatu na biyu, lokacin da ƙudiri ke hannun kwamiti. Nan ne ya kamata kwamishina ya zo da takarda: ƙara nawa ke shiga caji ofis, motar sintiri nawa ke tashi, nawa ke kan dutse babu taya. Wanda ya jira sai gwamna ya sa hannu, ya makara.

Majalisa kuma tana iya tallafa wa 'yan sanda. Dubi Legas: a 2007 majalisarta ta kafa asusun tallafa wa tsaro, wanda ke saya wa 'yan sanda motoci da kayan aiki.

Batun 'yan sandan jihohi kuwa, gyaran kundi ne, kuma sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. Kai ma, malam, ƙofar zaman sauraron ra'ayin jama'a a buɗe take gare ka, ka riƙa halarta.