Atisayen Ƙarfafa Ɗamarar Jiki a Hannun Likitan Fisiyo da Motsa Jikin Gama-Gari: Darasi ga Manoman Batsari da Safana

Tsakure

Wannan muƙala ta kwatanta hanyoyi biyu na magance ciwon baya mai daɗewa ta hanyar motsa jiki: atisayen da likitan fisiyo ke tsara wa majinyaci shi kaɗai, da motsa jikin da ake yi a rukuni a gidajen motsa jiki. An yi bitar binciken masana, sannan aka auna shi da yanayin rayuwar mutanen Batsari da Safana a Jihar Katsina. An gano cewa fifikon likitan fisiyo ya fi bayyana wajen tantance ciwo da ilimantar da majinyaci fiye da nau'in atisayen kansa.

1.0 Gabatarwa

Ciwon baya shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke hana mutane aiki a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da shi a shekarar 2020, kuma ana hasashen adadin zai kai miliyan 843 zuwa 2050. A ƙananan hukumomin Batsari da Safana, inda noman gero da dawa da rogo ya zama ginshiƙin rayuwa, manomi kan wuni a duƙe da fartanya, mace kuma na tsakanin daka da ɗaukar ruwa da itace. Idan baya ya kasa a tsakiyar damina, abincin gida na shekara ne ke shiga haɗari.

2.0 Ma'anar Ɗamarar Jiki

A wannan muƙala, ɗamarar jiki na nufin tsokokin da suka kewaye ciki da ƙugu suna tallafar ƙashin baya. Guda huɗu ne jigo: tsokar ciki ta can ƙurya wadda ta zagaye ciki kamar ɗamara, da ƙananan tsokokin da ke manne da gaɓoɓin ƙashin baya, da tsokar numfashi da ta rufe ciki daga sama, sai tsokokin ƙasan ƙugu. Panjabi (1992) ya nuna cewa daidaiton ƙashin baya ya dogara ne ga abubuwa uku: ƙasusuwa da jijiyoyin da ke ɗaure su, da tsokoki, da saƙonnin ƙwaƙwalwa masu sarrafa tsokokin. Daga nan Hodges da Richardson (1996) suka gano cewa tsokar ciki ta ƙurya kan makara wajen ɗaurewa ga masu ciwon baya a lokacin da suka ɗaga hannu. Wannan bincike ne ya share fagen atisayen da likitocin fisiyo ke koyarwa a yau.

3.0 Bambancin Hanyoyin Biyu

Likitan fisiyo ba ya fara atisaye sai ya ji tarihin ciwo ya kuma duba majinyaci. Yakan fara da koya masa janye mara ciki a hankali ba tare da riƙe numfashi ba. Bayan ya ƙware, sai a matsa zuwa ɗaga ƙugu daga kwance, da miƙa hannu ɗaya da ƙafar ɗaya ɓangaren yana durƙushe bisa gwiwoyi da tafuka. Matakin ƙarshe shi ne sanya wannan ƙwarewa cikin aikin yau da kullum, kamar ɗaga buhu ko sauke tulu.

A gidan motsa jiki kuwa, mai horarwa ɗaya ne ke jagorantar jama'a, kowa na bin sahu ɗaya. Wannan hanya na ƙara ƙarfin jiki da lafiyar zuciya, tana rage ƙiba, kuma haɗuwa da abokai na sa mutum ya dage. Rauninta shi ne ba a tantance musabbabin ciwon kowane mutum kafin a ɗora masa nauyi.

4.0 Abin da Bincike ya Tabbatar

Ferreira da abokan aikinsa (2007) sun kwatanta hanyoyin a ƙasar Ostireliya a kan majinyata 240. Bayan mako 8, waɗanda suka yi atisayen ɗamarar jiki sun ɗan ɗara masu motsa jikin gama-gari, amma bayan wata 6 da wata 12 bambancin ya ɓace. Bitar da cibiyar Cochrane ta fitar a 2016 ta zo da irin wannan sakamako: atisayen ya fi zama haka nan ba magani, sai dai bai fi sauran nau'o'in motsa jiki ba. Ya kamata a lura cewa motsa jikin gama-gari a binciken Ferreira ma likitocin fisiyo ne suka kula da shi.

Binciken da ya fi kusa da yanayin Batsari da Safana shi ne wanda Ibrahim da Akindele da Ganiyu (2023) na Jami'ar Bayero suka gudanar a garin Tsakuwa, ƙaramar hukumar Dawakin Kudu ta Jihar Kano. Sun raba mazauna karkara 120 gida uku: masu atisaye kaɗai, da masu karɓar ilimin ciwon baya kaɗai, da waɗanda aka haɗa musu biyun. Dukkansu sun sami sauƙi, amma rukunin da aka haɗa wa biyun ya fi samun raguwar zafi a kan masu ilimi kaɗai.

5.0 Darasi ga Batsari da Safana

Manomin da ya wuni yana huɗa ba ƙarancin motsi ke damunsa ba, don haka shawarar zuwa gidan motsa jiki ba ta dace da buƙatarsa ba. Abin da yake nema shi ne a tantance ciwonsa, a koya masa canza yanayin tsayuwa da hutawa tsakanin kunya da kunya, a kuma cire masa tsoron cewa bayansa ya lalace har abada. Tantancewar na da muhimmanci domin wani ciwon bayan ba na atisaye ba ne. Zazzaɓi da rama da gumin dare na iya nuna tarin fuka na ƙashin baya. Kasa riƙe fitsari ko mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi kuwa na buƙatar asibiti ba tare da jinkiri ba.

Ƙwararrun fisiyo sun fi taruwa a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Matsalar tsaro a kewayen dajin Rugu ta ƙara wahalar zirga-zirga. Sai dai atisayen ɗamarar jiki ba ya buƙatar na'ura, tabarma ta wadatar, kuma binciken Tsakuwa ya nuna ana iya gudanar da shi a ƙaramin asibitin karkara.

6.0 Kammalawa

Wanda ba shi da ciwo, ko wanda aka riga aka duba, zai amfana da duk motsa jikin da zai iya ɗorewa a kansa. Mai ciwon da ya wuce wata 3 ya fara da ganin likitan fisiyo. Muƙalar na ba da shawarar hukumomin lafiya na Jihar Katsina su riƙa tura likitocin fisiyo zuwa asibitocin Batsari da Safana lokaci-lokaci, su horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko, a kuma shirya darussan da Hausa a lokacin rani, kafin aikin gona ya kankama.