Yadda Za Ki Kare Gishirinki Daga Laimar Damina

Uwargida, da zarar damina ta kankama, gishiri kan jiƙe a kwano, daga baya ya dunƙule ya yi tauri. Maganin wannan yana cikin sanin abin da ya riƙe ƙwayar gishiri tun asali.

Gishirin girki haɗin sinadarai biyu ne, sodiyam da kulorin. Kowace ƙwayar zarra ta sodiyam tana sallama wa ta kulorin ilektiron ɗaya, sai ta farko ta ɗauki cajin fozitif, ta biyu ta ɗauki na negetif. Caji mabambanta kuwa jan juna suke yi. Kowane sodiyam na kewaye da kulorin shida, kowane kulorin na kewaye da sodiyam shida, sahu bisa sahu. Riƙon ya yi ƙarfin da sai zafi ya kai digiri 801 a ma'aunin Salsiyos kafin wuta ta narkar da gishiri.

Ruwa ne ya san lagonsa. Ƙwayar ruwa tana da gefen fozitif da gefen negetif, don haka takan yi ta zare sodiyam da kulorin daga sahu ɗaya bayan ɗaya. Idan laimar iska ta haura kashi 75 cikin ɗari, gishiri kan tsotsi ruwa daga iskar, saman ƙwayoyinsa ya narke. Iska na bushewa, narkakken ya sake ƙamewa a tsakaninsu, ya liƙe su wuri guda. Da haka ne ma mutanen Bilma ke yin kantu: a danna jiƙaƙƙen gishiri a mazubi, a kife, rana ta ƙamar da shi.

To, ga abin yi. Ki juye gishiri a kwalba ko roba mai murfin da ke rufuwa ruf. Ki ɗiba da busasshen cokali, ba da jiƙaƙƙen hannu ba. Kada ki riƙe mazubin a kan tukunya mai tururi, kuma ki nisanta shi da randa da wurin wanke-wanke. Ki zuba na 'yan kwanaki a ƙaramin kwano, babban mazubin ya zauna a rufe.

In ya riga ya dunƙule, kada ki zubar, bai lalace ba. Ki daka shi kaɗan a busasshen turmi: bugu na gusar da sahu, caji iri ɗaya su fuskanci juna su ture juna, dunƙulen ya farfashe.

Ki kula da rufe shi da kyau, domin laima da zafin rana suna rage sinadarin aidin da ke kare iyalinki daga maƙoƙo.