Yadda Ake Kama Kirafi da 'Yan Uwansa a Tafkunan Amurka Lokacin Zafi

Daga Maris zuwa Mayu, kama kirafi a Amurka ba ya buƙatar wata gwaninta. Kifin yakan taso bakin gaɓa ya yi ƙwai a ruwan da bai wuce ƙugu ba, har yaro mai 'yar fatsa ya kan cika bokiti. Da Yuni ta kama, rana ta buɗe, sai a neme shi a rasa, masu fatsa da yawa su rataye sandunansu wai kifi ya daina ci. Yana nan yana ci. Gangarawa ya yi, kuma duk aikin watannin zafi shi ne gano zurfin da ya tsaya.

Kirafi, wanda ake rubutawa crappie a shagunan kayan su, kifin ruwan daɗi ne na Arewacin Amurka, mai faɗin jiki da farin nama. Iri biyu ne. Baƙin yana da ƙayoyi 7 ko 8 a gadon baya, kuma ya fi son ruwa garau mai ciyayi. Farin yana da 5 ko 6, ruwan laka ba ya damunsa. Ba manya ba ne: farin kirafi mafi nauyi da aka rubuta a tarihi, wanda aka kama a madatsar Enid ta jihar Misisifi a 1957, bai kai kilo biyu da rabi ba. Ɗan uwansa bulugil ya fi shi ƙanƙanta, wanda ya san karfasa zai ga kamanninta a jikinsa, ko da yake ba danginsu ɗaya ba.

Mataki na 1: Yanki lasisi

Kowace jiha da lasisinta da dokarta, ana saye ta intanet ko a shagon kayan su. Karanta iyakar da aka sa. A Tekzas, alal misali, dokar gama-gari ita ce kirafi 25 a rana, kowanne ya kai inci 10. Wasu tafkunan suna da tasu ƙa'idar ta daban, don haka duba sunan tafkin da za ka. Jami'an gandun daji sukan buɗe akwatin ƙanƙara su ƙirga, su auna, kuma “ban sani ba” ba ta hana tara.

Mataki na 2: Rage nauyin kaya

Sanda mara nauyi mai laushin kai, zare siriri mai ɗaukar laba 4 zuwa 6, shi ke nan. Ƙoto iri biyu ya isa. Na farko 'yan ƙananan kifaye masu rai da ake sayarwa a bakin tafki, a soke su a ƙugiya siririya ta leɓe ko ta bayan ƙayar baya don su ci gaba da motsi. Na biyu ƙugiya mai kan dalma da wutsiyar roba ko ta gashi, nauyinta wajen giram 1 zuwa 2. Za ka tarar da launuka sun cika bango guda a shago. Kada su ruɗe ka. Fari, ruwan tsanwa mai haske da baƙi sun wadatar, domin ƙoto mafi kyau a duniya ba ya kama kifin da ba ya wurin.

Mataki na 3: Nemo zurfin

A nan ya kamata ka ɓata lokacinka. Duk wanda ya taɓa nutso a dam da bazara ya san yadda saman ruwa ke da ɗumi, ƙafafu kuwa su ji sanyi a ƙasa. A tafki mai zurfi wannan rabuwa takan kafu tsawon watannin zafi. Ruwan da ke sama mai ɗumi ya fi rashin nauyi, ba ya gauraya da na ƙasa. Na ƙasan ba ya samun iska, ga ganyaye da matattun halittu suna ruɓewa suna cinye 'yar iskar da ta rage, har ya zama kifi ba ya iya zama a ciki. Saboda haka kirafi yakan tsaya a tsakani, dab da saman iyakar nan, inda sanyi da iska suka haɗu. A tafkuna da yawa wannan yakan faɗo tsakanin ƙafa 12 zuwa 20, wato mita 4 zuwa 6, amma kowane ruwa da nasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a je tsakiyar tafki a saki ƙugiya har ƙasa, tana kwance a ruwan da babu kifi a cikinsa.

Zurfi kaɗai bai isa ba, sai da mafaka. Kirafi mai son inuwa ne da abin raɓewa: itatuwan da ruwa ya shanye a tsaye lokacin da aka datse kogi, ginshiƙan gada, ƙarƙashin matsayar jiragen ruwa, gefen tsohuwar hanyar rafi da ke kwance a ƙasan tafki. Hukumomin jihohi da dama sukan nutsar da tarin rassa da gangan, su wallafa taswirar wuraren, kyauta. Inda tarin rassa ya dace da zurfin da muka ambata, nan ne gidansu. Tafkin Rilfut na Tenesi, wanda girgizar ƙasa ta 1811 da 1812 ta haifar, ba shi da zurfi sosai, can kututture da inuwar itatuwa ake bi. Tafkin Kentaki da na Girenada kuwa, gefen hanyoyin rafi ake nema.

Tun da kamfanin Garmin ya fito da na'urar LiveScope a 2018, mai kuɗi yana kallon kifi a allo yana iyo, ya kai masa ƙoto har baki. A ganina wannan ya rage wa abin armashi, kuma masunta na ta muhawara kan illarsa ga manyan kifaye. Ƙaramar na'urar auna zurfi mai araha ta ishe ka ganin rassa da inda kifi ya taru.

Mataki na 4: Riƙe ƙoto a samansu

Idanun kirafi suna kallon sama, daga ƙasa yake tasowa ya haɗiye abinci. Abin da ya wuce ta ƙarƙashinsa da wuya ya bi shi. In kifin yana ƙafa 15, tsayar da ƙotonka a 13 ko 14. In ba ka da na'ura, yi ƙirga: jefa, bari ta nutse, ka ƙirga biyar, ka jawo a hankali. Ba a taɓa ba? Ƙirga takwas, sannan goma, sha biyu. Inda aka taɓa, riƙe wannan lamba, domin garke suke tafiya, kuma garken yakan tsaya a layi ɗaya. Akwai kuma ɗan ƙwallo mai iyo da zare ke zamewa ta cikinsa har ya tsaya a ƙullin da ka ɗaura, da shi ƙoton zai riƙa komawa zurfi ɗaya kowane jifa.

Cizonsa ba ya zuwa da hayaniya. Wani lokaci ɗan “tak” za ka ji a yatsa. Wani lokaci zaren ne zai yi sako-sako alhali bai isa ƙasa ba, ko ƙwallon ya kwanta a gefe maimakon ya nutse, alamar kifi ya ɗauki ƙoto ya yo sama da shi. Ɗaga sanda da wuyan hannu kawai. Fatar bakinsa siririya ce ƙwarai, in ka fizga da ƙarfi, leɓen za ka yage. In minti goma sha biyar suka wuce shiru, tashi ka gwada wani tarin rassan.

Mataki na 5: Zaɓi lokaci

Daga asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar sakaliya. Da dare mutanen jihohin kudu sukan nutsar da koriyar fitila kusa da gada: haske ya tara ƙananan halittun ruwa, 'yan kifaye su biyo su, kirafi ya biyo 'yan kifayen. Ba shi kamar rabin awa kafin ka sa ran komai, kuma ka jefa a gefen haske, inda duhu ya fara. Sa rigar ceto. Da ka ji tsawa, fita daga ruwa.

Mataki na 6: In kirafi ya ƙi, koma wa bulugil

Shi ba ya wahalar da kowa, kuma daga bakin gaɓa ma ana samunsa. Yana maimaita ƙwai cikin watannin zafi, mazan su share ramuka masu faɗin faranti a jere a kan yashi ko tsakuwa, a ruwa mara zurfi. Ƙaramar ƙugiya mai lamba 8, guntun tana ko gyare, sai ka ga aiki. Wani danginsa mai jan kunne dodon koɗi yake ci, shi a ƙasa ake ajiye masa tana. Shawarata ka saki manyan mazan bulugil da ke gadin ramuka, ka ɗauki matsakaita. In aka kwashe manya, ƙananan maza sukan balaga da wuri su daina girma, tafki ya cika da tsamurarru.

Mataki na 7: Ƙanƙara tun daga farko

Naman kirafi mai laushi ne, zafi yana lalata shi da wuri. Wanda za ka ci, jefa shi cikin ƙanƙara nan take. Wanda ka ciro daga zurfin da ya haura ƙafa 25 sau da yawa ba ya rayuwa ko an sake shi, don iskar cikinsa takan kumbura, gara ka ƙirga shi cikin rabonka in ya kai awo. Ragowar 'yan kifayen ƙoto kada ka juye su a tafki, a jihohi irin Minesota laifi ne. A gida, yanko naman gefe biyu, ka cire layin ƙayar haƙarƙari, ka tsane shi, ka birkiɗa a garin masara da gishiri da barkono. Mai ya yi zafi sosai kafin ka saka, minti biyu zuwa uku kowane gefe ya isa.